Dashe Goma Sha Biyu a Gamanar Gwaggo

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo su. Amma ranar da na kusa raba gwaggona da gonarta, da hannuna, kuma da sunan taimako, wannan kam ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikoki ba zan manta da ita ba. Har yanzu in na hangi yarinya ta rungumo dashen icce a leda tana sauri tana murna, sai in ji kamar in tare ta in tambaye ta gonar wa za ta.

Lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya. Na gama lise, wato babbar sakandare, a nan Dakoro, na ci bak, jarrabawar fita, ina zaman jiran tafiya jami'a, kaina kuwa ya kumbura har ƙofar gidanmu ta kusa yi mini kaɗan. Ni da wasu abokan karatuna muka kafa ƴar ƙungiya ta matasa, mata da maza daidai wa daida. Suka zaɓe ni shugaba, kuma gaskiyar magana ba don na fi su hankali ba ne, baki na fi su. Abin da ya tada mu kowa yana ganinsa da idonsa. Damina ta koma zuwa a makare, in ta zo kuma iska ce ke riga ruwa isowa, ta kwashi rairayi ta binne shukar da ta fara tsirowa, sai mutum ya sake shuka sau biyu ko uku. Iyayenmu mata na ƙauye kuwa, iccen girki da a da suke samu a bayan gari ya koma sai sun yi tafiyar rabin yini. Muka ce tunda mata ne suka fi shan wahalar rashin itatuwa, to matan za mu ba itatuwa. Kowace mace da iccenta, abin da muka riƙa faɗa ke nan duk inda muka shiga.

A bayan gidanmu muka yi wurin renon dashe. Ledojin ruwan sanyi muke tsinta a tasha da kasuwa, mu yanke bakinsu mu cika da ƙasa da taki. Irin gawo kuwa a cikin kashin awaki muke tsince shi a turke, don wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsirowa. Muka sa bedi, wato dogon yaro, muka sa zogale da magarya. Dokarmu ita ce ba aikin mata ba aikin maza, saboda haka samari ma sai sun ɗauki bido, wato jarka, sun tafi famfo sun shiga layi da ƴan mata. Mutanen unguwa suka yi ta yi musu dariya har suka gaji suka bari. Mahaifiyata kullum sai ta yi mita, wai mun mai da mata bayan gida fadama, amma na sha kama ta da sassafe tana yayyafa wa dashen ruwan alwalarta.

Da ruwa ya zauna, lokacin da ake dashen itatuwa ko'ina cikin ƙasa, sai muka ce mu fara da ƙauyen da gwaggona take, can ta hanyar Korahane. Ni na zaɓi ƙauyen, kuma don ita na zaɓe shi. Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni shekara biyu ina ƙarama lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya, a bayanta na yi barci, a kwanonta na koyi cin tuwo. Mijinta ya rasu shekara tara kafin wannan lokacin. Ba ta da ɗa namiji, ƴaƴanta mata biyu suna aure a nesa. Abin da take ci take sha duk daga gamanarta yake fitowa, wato ɗan yankin gona da ake yankar wa mace daga cikin gandun gidan miji ta noma wa kanta. Surukinta ne ya yankar mata shi tun tana amarya. Bayan rasuwar mijinta, gandun duka ya koma hannun ƙanen mijin, wanda nake kira Baba, ita kuma take ce masa Auta duk da furfurar da ta cika masa gemu, don yana ɗan shekara bakwai aka kawo ta gidan.

Muka loda dashe a amalanken jaki muka tafi. Muka gaida mai gari ya sa mana albarka, ashe shi a zatonsa a lakwal, wato makarantar boko, da masallaci za mu dasa. Mata suka taru a inuwa kusa da rijiya, na miƙe na yi ta zuba bayani, ina yi ina jefa Faransanci don a san na yi karatu. Suka saurara da haƙuri, suka karɓi dashen da hannu biyu suna godiya. Wata ta tambaye ni, “To, ɗiyata, ina za mu sa su?”

Na ce, “A gamanarku mana, Inna! Ina kuma?”

Suka kalli juna. Wata ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ni kuwa na ɗauka kunya ce irin ta matan ƙauye, har na ji tausayinsu, na ƙara ƙudurta a raina cewa lallai sai mun wayar musu da kai.

Gwaggo na ware wa mafi kyau, guda goma sha biyu. Da la'asar na kai mata har ɗaki. Ta dube su, ta shafa ganyen ɗaya da yatsa, ta ce, “Sun yi kyau. Aje mini su nan gindin randa tukuna.”

Na ce, “Tukuna har yaushe, Gwaggo? Yanzu ƙasa ke da laima.”

Ta ce, “Tukuna dai.”

Da ina da kunnen ji, da wannan kalma ɗaya ta ishe ni. Amma ni a lokacin in babba ya ce tukuna, abin da nake ji shi ne ba shi da ƙarfin yi, yana jiran a yi masa. Washegari Gwaggo ta yi sammako zuwa suna a wani ƙauye kusa. Tana fita na kira uku daga cikin abokaina da suka kwana a garin, muka kwashi dashen daga gindin randa muka nufi gamanarta. Niyyata ta dawo ta tarar an gama, ta yi ta sa mini albarka.

Hatsi ya kai ƙugu a lokacin. Abin da na fara lura da shi a gonar shi ne yawan itatuwa da ƙananan tsirrai barkatai a cikin hatsin, ga kalgo, ga sabara, ga aduwa, ga wasu ƴan gawo. Gonakin da ke kewaye da ita kuwa fes suke, ba ko tsinke. Sai na ji hawaye ya taho mini. Na ce wa abokaina, ku dubi yadda gonar mace marar namiji take komawa daji, ba ta da mai yi mata sassabe. Ɗaya daga cikin samarin har ya ce mu share mata. Allah ya rufa mana asiri ba mu zo da adda ba.

Muka ja igiya muka auna, muka haƙa ramuka a jere kamar yadda muka gani a littafi. Da yake ba ma so mu taka mata hatsi, sai muka jera su a gefe, daidai kan iyakar gamanarta da gonar Baba. Muka kewaye kowanne da ƙaya, muka tsaya muka ɗauki hoto da talho, wato wayar hannu, muna washe baki. Wani mutum ya zo wucewa a kan jaki, ya ce mana sannunku da aiki, ya daɗe yana kallon layin dashen, sannan ya buga jakinsa ya nufi gari da sauri.

Gwaggo ta dawo bayan azahar. Ko ruwa ban bar ta ta sha ba na ja hannunta zuwa gona. Da muka isa ta ga layin, sai ta tsaya cak. Ta bi shi da ido tun daga farko har ƙarshe, sannan ta zauna a ƙasa da zanen sunanta mai kyau, ta ɗora hannu biyu a ka.

“Wa ya sa ki?”

“Ba kowa, Gwaggo. Naki ne, mun dasa miki.”

Ta yi salati a hankali. Ta ce, “Ɗiyata, gonar ga aro ce. Mai aro shina shuka hatsi, shina shuka wake, abin da za a girbe a tashi. Ba shi dasa icce. Wanda duk ya dasa icce, ya ce ƙasa tashi ce. Kuma kinka rasa inda za ki jera su sai bisa iyaka?”

Ni da na haddace sunayen iskokin da ke ɗumama duniya da Faransanci, ban san abin da kowace yarinya ƴar shekara bakwai ta sani a ƙauyen nan ba. A gari aka haife ni, mahaifina tela ne, gona a wurina wurin zuwa cin ɗanyen wake ce lokacin hutu. Nan take na gane dariyar da matan nan suka yi a bakin rijiya.

Ba mu tashi daga wurin ba sai ga Baba, mai jakin nan ya riga ya kai masa labari. Ina so in yi masa adalci a nan, don Baba ba mugu ba ne. Mutum ne mai iyali da yawa, gandun da ya ciyar da gida ɗaya a da yanzu gida huɗu ke kallonsa, kuma a wannan shekarar sau uku iska tana binne masa shuka. Ya tsaya yana huci, ya dubi layin, ya dubi talhon da ke hannuna.

Ya ce, “Yaya, ashe haka za ki yi mini? Kin aika gari an kawo miki ƴan lakwal sun kafa miki iyaka sun ɗauki hoto, gobe kuma sai in ga takarda daga meri, wajen hukuma?”

Ta ce, “Auta, tsaya ka ji.”

“Ba abin da zan ji. Ki girbe abin da kinka shuka bana. In an ɗebe amfani, gamana ta komo cikin gandu.”

Da na yi shiru da wataƙila abin ya tsaya a faɗan fatar baki. Amma ina! Bakin nan da ya ba ni shugabanci sai da ya yi aikinsa. Na ce masa ai mata ma suna da haƙƙi a kan ƙasa, kuma akwai doka. Ya juyo ya dube ni, sannan ya dubi mutane biyu da suka biyo shi, ya ce, “Kun ji ko? Doka.” Ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Na san abin da rasa gamanar nan yake nufi ga Gwaggo. Daga ranar da aka karɓe ta, mace mai rumbunta za ta koma zaman jiran a aiko mata da kwano daga gidan wani, ko kuma ta tattara ta bar ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki ta koma cin arziki gidan mijin ɗiyarta. Na ce mata gobe da safe zan koma Dakoro, zan je meri, zan shiga gidan rediyo, sai duniya ta ji. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, “Ke jibi kina Dakoro, baɗi kina Yamai. Ni nan zan kwana, nan zan tashi. Da su Auta nike gaisawa, kuma su za su kai ni makwancina. Tashi ki ɗebe dashen nan da hannunki, yadda kinka sa su.”

Na tona su ɗaya bayan ɗaya ina kuka. Tana tsaye a kaina tana cewa in yi a hankali, in haɗa da ƙasar gindinsu, kada in tsinke saiwa, su ba su yi laifin komai ba. Muka mai da su cikin ledojinsu. Da na gama, sai ta kama hannuna ta ce in zo in ga wani abu. Ta shiga da ni cikin hatsin, ta tsaya a gaban wani kalgo, ta ɗaga ganyensa ta nuna mini gindin. Wani tsohon kututture ne, an datse duk rassan da suka fito daga jikinsa an bar biyu masu ƙarfi, su ma an share musu ƙasa sun miƙe sambal. Ta kai ni ga na gaba, shi ma haka. Duk abin da na kira daji da safe, babu ɗaya da hannunta bai bi ta kansa ba.

Ta ce, “Ko ɗaya ban dasa ba. Suna nan cikin ƙasa tun kakanni, kowace shekara su tsiro, kowace shekara a sare a ƙone. Ni bari kawai na yi.”

Sai a lokacin na lura hatsinta ya fi na maƙwabta tsawo da duhu. Sau ɗaya ta yi shuka a shekarar, don itatuwan sun karya ƙarfin iska, ganyensu kuma ya zame wa ƙasar taki. Rassan da take datsewa su take girki da su, ta yi shekaru rabonta da tafiya daji neman icce. Na tambaye ta wa ya koya mata. Sai ta kai ni tsakiyar gonar, inda wani gawo ya fi sauran girma.

Ta ce shekarar da mijinta zai rasu, shi ya fara yi mata sassabe kamar kullum, amma da wuri, tun sanyi bai wuce ba. Ya share rabin gamanar, ya iso daidai nan, sai jiri ya ɗebe shi. Ya zauna a gindin ɗan tsiron gawon nan, lokacin bai wuce gwiwa ba, ya ce mata gobe zai ƙarasa. Bai sake zuwa gona ba. Da ta fita takaba ta zo ta ƙarasa da kanta, sai ta kasa sa adda a inda tasa ta tsaya. Ta bar wannan rabin haka nan ta yi shuka a ciki. Da iska ta zo, rabin da aka share ya binne, rabin da aka bari ya tsira. Ta faɗi wannan duka ba tare da muryarta ta canza ba, hannunta dai yana kan jikin gawon.

Cire dashen bai sa Baba ya janye maganarsa ba, don ya riga ya faɗe ta a gaban mutane. Mahaifina ya zo daga Dakoro washegari, ya yi mini kallon da har yau ban manta ba, aka taru a ƙofar mai gari da hantsi. Ni shugabar masu cewa mace da namiji daidai suke, na cire takalmi na durƙusa a gaban Baba, gwiwa biyu a ƙasa. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, amma na san wannan durƙuson ba don ni mace ba ce, don ni mai laifi ce. Na ce Gwaggo ba ta aike ni ba, ba ta ma sani ba, jahilcina ne, kuma ga talhon a goge hoton a gaban kowa. Baba ya kau da kai ya ce yau an goge hoto, gobe wa ya san abin da za a zo da shi.

Mai gari yana shirin magana sai muka ji muryar Gwaggo daga bayan zana, inda mata ke tsayawa. Tunda aka kawo ta garin ba a taɓa jin ta yi magana a taron maza ba.

Ta ce, “Ranka shi daɗe, a ba ni izini in ce kalma biyu.” Mai gari ya ce ta faɗa. Ta ce, “Auta, ƙasa taku ce, ban taɓa cewa tawa ce ba. Babanku ya taka mini ita da ƙafarshi, kana biye da shi kana riƙe da gorar ruwa, in ka tuna. In ka ce ka amshe, ka amshe, ba ni kai ka ƙara ko'ina. Abu guda nike roƙo. Itatuwan da ke ciki, kada ka bari a sa musu gatari. Babban gawon da ke tsakiya, nan addar yayanka ta tsaya.”

Ni na zaci za ta roƙa wa kanta, sai ga shi itatuwa take roƙa wa. Baba ya sunkuyar da kai yana ta murza carbinsa. Yayan nan nasa shi ya yi masa aure, shi ya saya masa rakuminsa na farko, kowa a wurin ya sani. Can sai ya miƙe, ya sa takalmansa, ya tafi. Mai gari ya ce a tashi, a bar shi ya huce.

Kwana uku ba mu ji komai ba. Abokaina da mahaifina suka koma Dakoro, ni na ƙi tafiya. Gwaggo ta ci gaba da harkarta, tana daka, tana zuwa rijiya, safe da yamma kuma tana zuba wa dashen nan ruwa a gindin randa. Ni kuwa tuwo ma ba ya wuce mini. Ta riƙa tsokanata wai shugaba ta rame, mabiya za su gudu.

Rana ta huɗu aka yi ruwa da asuba. Gari yana wayewa muka ji sallama a ƙofa, muryar Baba ce. Ya ce, “Yaya, hito mu tahi gona. Ki taho da ɗiyar taki, ta ɗauko guda cikin abin nata.” Na leƙa na ga dagi a kafaɗarsa. Na ɗauki wata ƴar magarya, muka bi shi a baya. Da muka isa sai muka tarar da mai gari da liman da wasu dattawa suna tsaye a bakin gamanar.

Baba bai tsaya a kan iyaka ba. Ya ratsa cikin hatsin har tsakiya, ƴan taku kaɗan daga gawon nan, ya haƙa rami da kansa. Ya miƙe ya share zufa ya ce, “Ku shaida. Muddin Yaya tana numfashi, gamanar ga tata ce. Ba ni ba ɗiyana, ba mai taɓa ta.” Ya karɓi magaryar daga hannuna ya miƙa mata. “Amshi, ki sa da hannunki.”

Gwaggo ta ja da baya. Ta ce, “Auta, ka san ba a yi.”

Ya ce, “Na sani. Shi ya sa na kira shaidu. Sa.”

Ta durƙusa a bakin ramin. Matar da ta raya itatuwa cike da gona ba ta taɓa dasa ko ɗaya ba tunda aka haife ta. Ta juya dashen ta sake juyawa, sannan ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali yadda maza ba za su ji ba, “Ɗiyata, ana ɗebe ledar ko da ita ake sawa?” Na durƙusa kusa da ita na yage mata ledar, hawaye ya hana ni ganin abin da nake yi. Ta sa, ta tura ƙasa, ta danna da tafin hannu. Liman ya yi addu'a aka shafa. Baba ya juya baya yana gyara rawani ya daɗe, sannan ya waiwayo ya ce mini, “To, shugaba, ina talhon? Yanzu ne ake ɗaukar hoto.”

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Baba bai mallaka mata gonar ba, iya rayuwarta ya ce, kuma har yau abin yana ci mini rai, cewa mace ta yi shekara arba'in tana zuba guminta a ƙasa amma sai an yi mata alfarma. Sauran dashe goma sha ɗayan muka kai lakwal da masallaci, awaki suka cinye mafi yawansu kafin rani ya raba. Amma da bazara ta zo, lokacin sassabe, Baba da kansa ya tsaya a kan wani kututture a gonarsa da adda a hannu, ya ƙwala wa Gwaggo kira ya ce, “Yaya, wane reshe ake bari?” Muka kwaso ƴan ƙungiyarmu duka muka zo koyo. Na ga magidanta masu gemu sun yi da'ira a gona, tsohuwa tana tsakiya tana ce wa wannan ya sare da yawa, wancan kuma hannunsa ya cika nauyi. Tun daga nan ba mu sake miƙa wa wata mace dashe ba sai mun zauna da ita mun ji ta bakinta, sannan mu zauna da mai gonar a gaban shaidu. Aikin ya rage sauri ƙwarai, ni kuma ga gajen haƙuri, amma ba mu sake jefa kowa cikin abin da na jefa Gwaggo ba.

Gwaggo ta rasu shekara uku da suka wuce, a ɗakinta, rumbunta da sauran hatsi. Gamanar ta koma gandu kamar yadda aka yi alkawari, Baba ya ba matar babban ɗansa tana nomawa, kuma ba a sa wa icce ko ɗaya gatari ba. Magaryar ta girma tana ƴaƴa. Duk shekara in ta nuna, Baba yakan biyo ta gidana ranar kasuwa, yanzu da sanda yake tafiya, ya ajiye mini ƙulli a bakin ƙofa ya ce, “Ga na Yaya.” Ba ya zama, ruwa kawai yake sha ya wuce.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, son mutum ba ya hana ka cuce shi in ba ka tsaya ka tambaye shi ba. Na je ƙauyen nan in koya wa mata darajar icce da darajar kansu, na ratsa ta tsakiyar aikin shekara tara na wata mace ina kiransa daji. Yanzu duk inda na shiga da niyyar gyara, sai na fara tambayar abin da mutanen wurin suke yi tun kafin in zo, da kuma wanda zai kwana da abin bayan na tafi. In kuwa wata tsohuwa ta ce mini tukuna, ajiye kayana nake yi in nemi wuri in zauna, har sai ta faɗa mini dalili.